Gangar Fage da Maiwar Dela

Akwai wani ɗan kokawa mai suna Jimrau da ya yi zamani a wani ƙauye da ake ce wa Tudun Aduwa, arewa da Kornaka, a ƙasar da yau muke kira Dakoro. Wannan tun kafin Nasara su shigo ne, lokacin Dakoro kanta ba ta zama gari ba. Kakata ce ta ba ni labarin, kuma duk sa'ad da ta kai tsakiyarsa sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ja tsaki. Ni ma da nake rubuta muku yanzu, raina bai yi daɗi ba.

Tudun Aduwa garin bakin iyaka ne. Daga gonarsu ta ƙarshe, in ka hau tudun yashi ka gangara, noma ya ƙare, sai dajin kiwo iyakar ganinka.

Mutanen garin manoma ne, maƙwabtansu na bayan tudu kuma Fulani ne masu shanu. Da damina kowa na kaffa-kaffa da kowa. Amma da kaka, in hatsi ya shiga rumbu, sai su zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shanu su sauko su ci kara su bar taki a gonaki, matan ruga su kawo nono su koma da hatsi, samari kuma su haɗu a fage ƙarƙashin babbar aduwar da garin ya ci sunanta. Kwana uku ana kokawa, ana langa, 'yan mata na gaɗa. Wanda ya yi wata huɗu yana duƙe a gona ba shi da wani hutu da ya wuce wannan.

Abin da ke buɗe wannan duka ganga ce guda ɗaya. Babba ce, sau ɗaya ake buga ta a shekara, kuma muryarta na tsallake tudu. Ba a aika manzo. Da Fulani sun ji ta, sun san an buɗe fagen kokawa, kuma an saki gonaki. Daga nan sai su sauke sanda su bar shanu su gangaro.

Shi ya sa ba a buga ta da garaje. Duk gidan da ya shigar da daminsa na ƙarshe rumbu, sai a zaro zangarniya ɗaya, a kai wa mai riƙon ganga a ce masa, "Na shigar." Shi kuma ya rataye ta a reshen aduwa. Sai zangarniyar kowane gida ta hau reshe sannan a taɓa ganga.

Mai riƙon ganga a lokacin wani dattijo ne mai suna Abarci, kawun Jimrau, wan mahaifiyarsa. Gajere ne, ba shi da yawan magana, kuma shekara ashirin yana riƙe da gangar nan ba a taɓa cin ko zangarniya ɗaya ta wani ba.

Shi kuwa Jimrau, a ba shi haƙƙinsa, ƙaƙƙarfa ne kuma ba rago ba ne. Shekara uku babu wanda ya kai bayansa ƙasa a fagen nan. Sai wata kaka, wani Bafulatani siriri mai suna Hama, wanda in ka gan shi za ka ce iska za ta ɗauke shi, ya sa masa ƙafa ya shimfiɗe shi gaban kowa. 'Yan mata ba su yi wata-wata ba suka saka abin cikin gaɗa: "Wa ya kada giwa? Sandar kiwo ta kada giwa."

Shekara guda Jimrau na jin waƙar nan a bakin rijiya. Shekara guda yana shan fura kamar ba gobe, yana ɗaga turmi a bayan gida, yana ƙara layu a damtse. Da kaka ta zo, shi ya riga kowa gama girbi, zangarniyarsa ce ta fara hawa reshe. Kullum sai ya bi ta ƙarƙashin aduwa ya ɗaga kai ya ga ko saura nawa.

Wata ranar Litinin, wani da ya dawo daga kasuwar Kornaka ya kawo masa labarin da ya hana shi zama. Tabkin da su Hama ke shayarwa ya ƙafe, ranar Juma'a gidansu zai tashi ya yi kudu neman ruwa. In ba a buga ganga kafin Juma'a ba, Hama ya tafi ke nan.

A ranar kuwa zangarniya ɗaya ce tak ba ta hau ba, ta Dela.

Dela mijinta ya rasu da rani, ya bar ta da 'yan mata biyu ƙanana. Gonarta ce ta ƙarshe a arewa, a gindin tudun nan. Da yake ita kaɗai ta yi shuka, ta makara, sai ta shuka maiwa, wadda ba ta nuna da wuri kamar gero. Maiwar ta yi kyau ƙwarai, yanzu ta isa yanka, amma hannu biyu ne a kanta. Abin da ke tsaye a gonar nan shi ne tuwon gidanta har wata damina, ba ta da wani rumbu a gefe.

Jimrau ya tarar da kawunsa a ƙofar gida yana wasa magirbi.

"Kawu, a buga ganga gobe."

Abarci bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ka duba reshe?"

"Na duba. Saura guda. Guda ɗai za ta tsai da gari gaba ɗaya?"

"Guda ɗai na. In anka bar mu ni da ita, sai Asabar mu gama."

"Asabar Hama ya tahi, Kawu. In sake wata shekara ina jin waƙar ɗiyan ga?"

Sai a nan Abarci ya ajiye magirbi ya dube shi. Ya ce, "Abin ga mai sauƙi na, Jimrau. Samarin da ke bin ka ku ashirin ne. Ka kira musu gayya, ku shiga gonar Dela gobe da sahe. Yini guda da rabi kun yanke kun ɗaure kun shigar. Laraba da la'asar ni da kaina in buga maka ganga, Alhamis ka kama Hama."

Jama'a, ku duba fa. Ga ƙofa a buɗe, an ma nuna masa ita da yatsa.

Amma Jimrau sai ya yi dariya. Ya ce, "Ni in duƙa yini guda da rabi, in shiga fage da baya a sage? Shekara guda nike tanadin ƙarhin ga, ba don gonar wata ba. Wanda ya makara da shuka shi ya jawo ma kansa. Kuma mi za shi hwaru in anka buga? Ruga na can wajen tabki, tahiyar yini guda. Masu kokawa su za su riga zuwa. Kahin shanu su iso kwana biyu, ta gama."

Abarci ya ce, "Ruga ba ta wajen tabki."

"Wa ya gaya maka?"

"Zalika mai nono. Ba da baki ba. Da can sai azahar take isowa gari, a gajiye, nono ya yi tsami. Kwana biyun ga da hantsi take zuwa, nononta da sauran sanyin sahe. Tun da tabki ya ƙahe sun matso. Suna bayan tudun ga, da shanu masu yunwa, ba abin da ke riƙe da su sai kunyar gangar ga."

Jimrau ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Kawu, tsuhwa ta sa kana duba da ƙwaryar nono." Ya yi tafiyarsa.

Bai tsaya ko'ina ba sai gidan mai gari Sa'adu. Shi kuwa Sa'adu irin mutanen nan ne da ba sa son a ce sun ɓata wa kowa. Ya saurari Jimrau yana gyaɗa kai. Da Abarci ya zo daga baya ya faɗi nasa, shi ma ya gyaɗa masa kai. A ƙarshe ya ce, "To, ku dangi na. Ku shirya tsakaninku. Ni ban sa ba, ban kuma hana ba."

Abarci ya ce, "Ranka shi daɗe, in kai ka kira gayya, ba wanda za shi ƙi hita."

Sa'adu ya ce, "Bari mu gani zuwa gobe."

Kun san irin wannan goben, ba ta zuwa.

Da yammacin nan Abarci ya bi gari gida-gida yana neman hannu. Wannan ya ce bayansa na ciwo. Wancan ya ce yana gyaran jinkar rumbu. Wani ya ce shi da zai je, amma ka san in samari ba su fita ba shi kaɗai ba zai yi komai ba. Samarin kuwa suna ƙarƙashin aduwa suna share fage, suna zuba yashi mai laushi, suna gwada kamu. Ƙarfin da suka zubar ranar nan wajen gyaran inda za a yi wasa, da rabinsa ya isa ya kwashe gonar Dela.

Abin da ya fi ƙona wa Abarci rai shi ne babu wanda ya ce masa ƙarya yake yi. Kowa ya yarda gaskiya ce, kowa kuma ya koma ya zauna.

Talata da sassafe ya ɗauki magirbi ya tafi shi kaɗai. Shi yana kayar da kara, Dela na bi tana yanke kai tana tarawa. Zuwa faɗuwar rana sun ci kamar kashi ɗaya cikin huɗu na gonar. Dela ta miƙe tana dafe da ƙugu ta ce, "Malam Abarci, na ji ana cewa ni ce na tsai da wasa. A rijiya ba mai amsa gaisuwata da daɗi."

Abarci ya ce, "Ki bar su. Ganga na ɗakina. Ba mai taɓa ta sai kin kawo mini zangarniya da hannunki."

Laraba da hantsi, Abarci na gona, Jimrau ya shiga gidansa da samari huɗu. Uwa matar Abarci ta tare ƙofar ɗaki ta ce, "Jimrau, kawunka ba shi nan. Ka jira shi."

Jimrau ya ce, "Mai gari ya ce bai hana ba." Ya raɓa ta gefenta, suka ɗauko ganga.

A gindin aduwa suka tarar da Ɗangoggo, makaɗin da ke yi wa Jimrau kirari. Shi ne zai buga. Ɗangoggo ya ɗaga kai ya dubi reshe, ya sosa ƙeya ya ce, "Giwa, wurin guda na nan ba komi. Ni dai ban taɓa ganin an buga da gurbi ba."

Jimrau ya ce, "Gurbi ka ke tsoro?" Ya tafi rumbunsa, ya zaro zangarniya ɗaya ta geronsa, ya dawo ya rataye ta a wurin ta Dela. Ya ce, "Ga shi ya cika. Buga."

Ɗangoggo ya duba hagu ya duba dama, bai ga wanda ya ce kada ya yi ba. Ya ɗaga hannu ya buga.

Can a gindin tudu, Abarci ya ɗaga magirbi ke nan sai ya ji ta. Ya tsaya da hannu a sama. Shekara ashirin yana jin muryar gangar nan daga kusa, bai taɓa jin ta daga nesa ba sai yau.

Dela ta ce, "Malam Abarci, wannan ba ita ba ce ko?"

Abarci ya yar da magirbi ya nufi tudu da gudu, irin gudun tsohon da ya wuce sittin, yashi na cin ƙafarsa. Nufinsa ya hau ya ɗaga wa Fulani hannu kafin su saki shanu. Bai kai rabin tudun ba ya ji guɗa daga bayan tudun, matan ruga na murna. Sai ga ƙahoni sun ɓullo a kan tudu, layi guda daga gabas har yamma.

Shanun nan kwana huɗu ana tare su da sanda suna jin ƙanshin kara. Da aka sauke sanda ba su yi tafiya ba, kwararowa suka yi. Abarci ya faɗi gefe, suka wuce shi. Gonar farko da ke gabansu ita ce ta Dela.

Dela ta tsaya a bakin gona ta buɗe hannuwa tana kora da zanenta. Me zane zai yi wa shanu ɗari uku?

Wanda ke gaban garke Hama ne. Ya taho da warkinsa na kokawa a kafaɗa, yana murmushi, yana zaton kara zai tarar. Da idonsa ya faɗa kan maiwa a tsaye da kanta, da mace ita kaɗai a gaban shanu, sai ya yar da warki. Ya yi wa 'yan uwansa ihu da Fulatanci, ya ruga ya janye Dela gefe, ya shiga tsakiyar garke yana dukan hancin na gaba don ya juya su. Wani babban bijimi ya make shi da kafaɗa ya haɗa shi da kututturen kalgo. Ya tashi ya ci gaba da hannu ɗaya.

Sun juya su daga baya, amma sai da aka ɗauki lokacin da za a dafa tuwo a sauke. Abin da ke tsaye ya kwanta. Tarin kan da Dela ta yanke tun jiya, wanda ba a riga an ɗaure ba, shi suka fara cinyewa. Abin da ya tsira bai fi dami shida ba, a gonar da za ta ba da sittin.

Dela ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa tana tsintar zangarniyar da aka tattake tana kakkaɓe yashi tana sawa a zane. Wannan wurin ne kakata ke ajiye abin hannunta.

A cikin gari kuwa ba wanda ya sani. Fage ya cika, Ɗangoggo na zuba kirari, Jimrau ya ɗaura warki, layu sun cika damtse, yana zagaye fage yana buga ƙirji yana kiran sunan Hama. 'Yan mata sun yi layi. Mai gari Sa'adu ya zo an shimfiɗa masa buzu, shi da bai sa ba bai hana ba.

Sai ga mutane sun doso daga arewa, ba kiɗa ba guɗa. Abarci a gaba, rigarsa duk yashi. Dela na biye da ƙullin zane a ka. Sai Ardo Mamani, shugaban ruga, da Hama a gefensa, hannunsa na dama na reto an ɗaure shi da rawani.

Ɗangoggo ya bar kiɗa da kansa.

Ardo Mamani ya gai da mai gari, sannan ya ce, "Sa'adu, tun zamanin ubanka da ubana, gangar ga ba ta taɓa yi muna ƙarya ba. Kwana huɗu muna riƙe da shanu bayan tudu, suna kuka muna ji. Munka ji ganga, munka saki. Yau mun ci abincin marayu. Ina so a gaya mini gaban jama'a, laihinmu na?"

Sa'adu ya dubi Abarci.

Abarci ya tafi gindin aduwa, ya miƙa hannu ya ciro zangarniyar ƙarshe, ya kawo ta tsakiyar fage ya ɗaga. Ya ce, "Wagga an rataye ta da sunan Dela. Dela maiwa ta shuka. Wagga gero ta, busasshiya ƙamas, ta yi kwanaki cikin rumbu. Rumbun wa?"

Duk idanu suka koma wuri ɗaya.

Jimrau ya ce, "Ni na aza ruga na nesa."

Abarci ya ce, "An gaya maka."

Sai Hama ya matso. Ya shiga fage a hankali har ya tsaya gaban Jimrau. Ya ce, "An ce don ni anka yi wannan duka. Don kada in tahi ba ka rama ba."



Hama ya ce, "Hannuna ya karye, ba ni iya kama ka. Amma ba ni tahiya da abinka." Ya duƙa ya dafa ƙasa da hannunsa na hagu, tafin hannu gaba ɗaya a kan yashin da samari suka tankaɗe. A kokawa wanda ya dafa ƙasa ya faɗi. Ya miƙe ya ce, "Ka kada ni. Ga ta nan, ka samu."

Fagen nan da mutum ya fi ɗari biyu, ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya ruga ya ɗaga Jimrau sama kamar yadda aka saba. Ya tsaya shi kaɗai da layunsa da man da ya shafa a jiki. Abin da ya yi shekara yana nema ya zo hannunsa, kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Abarci ya juya wajen mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, yau dai sai ka sa ko ka hana. Wanda ya rataya zangarniya ya ce an shigar. Jimrau ya ce Dela ta shigar. To, shi mai da maganarsa gaskiya."

Sa'adu ya duba fuskokin jama'a, ya ga babu sauran wurin laɓewa. Ya ce, "Haka na. A buɗe rumbun Jimrau. Dami sittin ban da shida su koma rumbun Dela."

Samarin da ke bin Jimrau suka yunƙura za su taya shi. Abarci ya ɗaga hannu ya ce, "Ranar da anka nemi gayya ba ku samu ba. Yau ma ba a nema. Shi ya rataya shi ɗai, shi ɗauka shi ɗai."

Gidan Jimrau na kudancin gari, na Dela na arewa, kuma hanya ɗaya ce tsakani, ta tsakiyar fage. Ya cire layu ya ɗora gammo. Dami ɗaya a kai, ya je ya dawo. Ranar Laraba ya yi har magariba. Alhamis ya wuni yana yi. Mutumin da ya ce ba zai duƙa yini guda da rabi ba, sai da ya kwana uku yana duƙawa yana ɗauka, wuya ya sage, baya ya riƙe.

Ba a yi kokawa ba, ba a yi langa ba. Samari na zaune a gindin aduwa suna kallonsa yana wucewa, su ma kunya ta hana su magana, don kowa ya san nasa rabon a ciki. 'Yan mata ba su yi masa waƙa ba ko ɗaya. Daga baya ya ce da sun yi, da ya fi masa sauƙi.

Juma'a da hantsi, yana tsakiyar fage da dami a kai, sai ga gidan su Hama sun ratso ta gefen gari za su kudu, jakuna da kaya, shanu a baya. Hama na tafe da hannu a ɗaure. Ya dubi Jimrau, ya ɗaga masa sanda kaɗan, irin gaisuwar da ake yi wa kowa a hanya, ya wuce. Jimrau bai iya ko gyaɗa kai ba saboda damin.

Da la'asar ya sauke na ƙarshe a bakin rumbun Dela. Ya tsaya yana haki. Ya ce, "Inna Dela, ki yahe mini."

Dela ta dube shi. Ta ce, "Cikin ɗiyana ya samu abinci, wannan na gode ma Allah. Amma maiwar can irin mijina ce, shi ya zaɓe ta da hannunsa kahin shi kwanta. Geronka ba shi maida ta. Na yahe maka, don in ban yahe ba ni za ta dama."

Ta shiga ɗaki, ta kwance ƙullin zanen nan, ta zaro zangarniya ɗaya daga waɗanda ta tsinta a gona. Rabinta a tattake, da sauran yashi a jiki. Ta miƙa masa.

Ta ce, "Kai ma kawunka. Ka ce masa na shigar."

Jimrau ya karɓa da hannu biyu. Ya ratsa gari da ita, ya tarar da Abarci a gindin aduwa zaune kusa da ganga. Ya durƙusa ya miƙa ya ce, "Kawu, Dela ta ce ta shigar."

Abarci ya juya zangarniyar ya duba ta sosai, ya miƙe ya rataye ta a gurbinta. Sannan ya ɗaga hannu ya buga ganga, yadda aka saba, a kan lokacinta.

Suka jira. Ba wanda ya gangaro daga tudu. Sai washegari Ardo Mamani ya aiko mutum a ƙafa ya tambaya ko wannan karon da gaske ne.

Jimrau ya ƙara shekara goma yana kokawa, ya kada mutane da yawa. Duk kaka yana tambayar Fulanin da suka sauko ko sun ga Hama. Hama bai sake biyowa ta Tudun Aduwa ba.

Darasi: Kada ɗokin abin da kake so ya sa ka ce an gama alhali wani bai gama ba. In na baya ne ya tsayar da kai, koma ka kama masa ku iso tare, ya fi maka sauri kuma ya fi maka mutunci. Aikin yini guda da rabi da girman kai ya hana Jimrau yi, sai da ya biya shi da kwana uku, da rumbunsa, da karawar da bai sake samu ba har abada. Kuma kada mu manta da waɗanda suka san gaskiya suka koma suka zauna, su ma da hannunsu a gonar Dela. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san gaggawa na cin sa, ko Allah zai sa ya duba reshe kafin ya taɓa ganga.